Sauron Ambursa da yaron shagon maganin ƙwari

1/ Yawancinmu filin jirgin Birnin Kebbi muka sani a Ambursa. Amma sunan garin nan ya shiga littattafan masana sauro na duniya tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Ku biyo ni.

2/ A 1954 gwamnatin Arewa ta fara gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi da Argungu. Gida-gida ake bi ana fesa bangon ɗaki da DDT, dieldrin ko BHC.

3/ Da farko sauro ya yi ta mutuwa. Kafin 1955 ta ƙare sai aka ga dieldrin ya daina kashe shi a wajen Ambursa. Aka kai irin sauron Landan, bincike ya nuna gado ne: 'yan kaɗan ɗin da maganin bai kashe ba su suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji taurin.

4/ Ku lura fa, masu feshin nan an horar da su, da awo suke aiki, duk da haka ƙwaro ya gagara. To yau wa ke riƙe da kwalbar?

5/ Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa, cinikin maganin feshi ma haka. Manomi ya ce "magani ba ya ci", yaron shago ya ce "Baba, ƙara murfi biyu." Shi ne likita, shi ne malamin gona, kuma ba wanda ya koya masa.

6/ Mun ga inda rashin sani ke kaiwa. Gamalin da ake zubawa a ruwa don kama kifi daga BHC ɗin nan ya fito. A 2008 ɗalibai mata sama da 100 suka kwanta asibiti a Doma, jihar Gombe, bayan cin wake mai maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda dichlorvos, sinadarin fiya-fiya. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kantuna da kasuwanni.

7/ Don haka mai shago, ka zaunar da yaranka su san waɗannan: jan layi a ƙasan kwalba alamar guba mafi haɗari ce. Ba a juye magani a gorar lemo. Ba a jera shi kusa da abinci. Ƙwayar Phostoxin ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutane. Wake kuwa, buhun PICS na adana shi ba magani.

8/ In magani ya daina ci, ƙarin murfi mai feshi da mai ci zai cutar, ƙwaro kuma ya ƙara tauri. A tambayi malamin gona, a sauya zuwa mai wani sinadarin daban. Ku tura wa ɗan'uwanku da ke tsaron shago.