Daga AYA Zuwa Mararaba: Tarihin Cunkoson Hanyar Keffi

Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar gina Abuja a watan Fabrairun 1976, cunkoson motoci na cikin abubuwan da ake gudu a Legas. Shi ya sa taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta keɓe dogayen filaye a tsakanin unguwanni domin motocin safa da jiragen ƙasa na cikin gari. Hanyar Keffi kuwa a wancan zamani ta matafiya ce, masu zuwa Akwanga da Jos da Lafiya da Makurɗi. Nyanya sansanin leburorin da ke gina birnin ce, zaman wucin gadi aka yi niyya. Mararaba kuma ƙauye ce a bakin hanya, a cikin tsohuwar jihar Filato.

Al'amura sun juya ne daga 12 ga Disamba 1991, ranar da Janar Babangida ya tare a Abuja. Ma'aikatu suka kwaso komatsansu daga Legas, kuɗin haya a Garki da Wuse ya fi ƙarfin masinja da direba da malamin makaranta, sai suka gangara gabas suka tsallaka iyaka, inda fili ke da araha kuma ba a cika tambayar takardar izinin gini ba. Da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa a 1996, sai aka wayi gari dubban mutane suna aiki a ƙarƙashin wata gwamnati, suna kwana a ƙarƙashin wata. Mararaba ta haɗe da Ado, Ado ta haɗe da Masaka, kuma duk wannan jama'a ƙofa ɗaya suke bi da sassafe, su hau tudun Kugbo su ɓulla mahaɗar AYA da ke cikin Abuja.

Zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ya riƙe ma'aikatar birnin, daga 2003 zuwa 2007, rusau ya ƙara kora mutane bayan gari. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, aka zubo manyan motocin safa waɗanda har yau sunansa ake kiransu da shi. Dabarar ba ta da laifi, don safa ɗaya tana kwashe mutanen da ƙananan motoci goma ba za su kwashe ba. Aibinta shi ne ba a ba su layinsu na kansu ba. Safa mai ɗauke da talakawa cike maƙil tana nan tsaye a bayan motar mutum ɗaya, to wane ne mai mota zai ajiye tasa? A 2013, zamanin Sanata Bala Muhammad, aka kuma hana ƙananan motocin da ake ce wa araba shiga cikin gari, ba tare da an samar da isassun manya ba. 'Yan kabu-kabu suka cike giɓin, 'yan fashin nan da ake kira wan-cans su ma suka sami kasuwa.

Sai kuma bam ɗin tashar Nyanya na 14 ga Afrilu 2014, wanda ya hallaka mutane sama da 70, mafi yawansu masu sammakon zuwa aiki. Shingen sojoji da aka kafa bayan nan ya mai da tafiyar rabin awa ta koma ta awoyi, har wasu suka riƙa barin gida kafin kiran assalatu.

Maganar jirgin ƙasa ce ta fi ciwo. An ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangila a 2007, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da jirgin a Yulin 2018, ya tsaya da zuwan korona a 2020, Shugaba Tinubu ya sake buɗe shi a Mayun 2024. Layi ne na wajen kilomita 45 da tashoshi 12, amma ya nufi Idu da filin jirgin sama da Kubwa, wuraren da tun kafin nan aka faɗaɗa titunansu zuwa layi goma. Sashen da aka zana zai kai Nyanya da Karu yana nan a takarda. Haka ma hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka bayar a 2011 don a sami ƙofa ta biyu, ta haura shekara goma ba a kammala ta ba.

Abin da hanyar Keffi ta samu shi ne ƙarin kwalta, kamar faɗaɗa kilomita 5.4 da aka haɗa da aikin tagwaita titin Makurɗi. Nan ma an bar jaki ana dukan taiki, domin duk faɗin titi, kasuwar bakin hanya da masu lodi a ƙarƙashin gadar Mararaba sukan cinye rabinsa, sauran kuma sababbin motoci su cike shi. Cire tallafin mai a 2023 ya nuna mana cewa mutane za su shiga motar haya in aljihu ya matsa, sai dai motar ce babu.

Layin dogo zai ci shekaru da kuɗi masu yawa. Keɓe wa manyan motoci layi ɗaya daga Masaka zuwa cikin birni abu ne da Legas ta gwada tun 2008 a titin Ikorodu, kuma ya yi aiki. Muna kira ga ministan Abuja da gwamnan Nasarawa su kafa hukumar sufuri guda ta haɗin gwiwa, su fara da wannan.