Caje Ba Bisa Ƙa'ida Ba: Shin Yana Wanke Wanda Aka Kama da Ƙwaya?

A Kano, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna kashi 16 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, shari'ar ƙwaya takan faro ne daga bakin titi. A tsayar da matashi a kan babur, a zura hannu a aljihunsa, a fito da tiramadol ko ƙullin wiwi. Iyaye da dama sun ɗauka cewa muddin babu waranti, shari'a ta rushe.

Doka ba ta ce haka ba. A 1955, a ƙarar wani mai suna Kuruma daga Kenya, alƙalan Ingila sun amince da harsasai biyu a matsayin shaida, alhali 'yan sandan da suka caje shi ba su kai muƙamin da doka ta gindaya ba. Kotun Ƙolin Najeriya ta bi sahu a shari'ar Musa Sadau a 1968. Haka Sudan: sashe na 10 na dokar shaida ta 1994 bai wajabta watsi da shaida don kawai an same ta ta gurguwar hanya ba. Amurka ce ta ɗauki wani layin a shari'ar Mapp ta 1961.

Sai dai Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta buɗe ƙofa. Sashe na 14 da na 15 sun ba alƙali damar auna nauyin shaidar da girman keta haddin, da kuma ko da gangan aka yi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce aski ko sutura ba dalilin zargi ba ne. Nan lauya ke da abin kamawa, tare da tambayar wa ya auna kayan, wa ya liƙe su, ta hannun wa suka bi zuwa ɗakin gwaji.



Dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 kan mallakar hodar ibilis da ire-irenta. Hukunci mai wannan nauyi bai kamata ya tsaya a kan cajen da jami'i ya karya doka da gangan wajen yin sa ba. Wajibi ne alƙalai su riƙa amfani da sashe na 14 da na 15 na Dokar Shaida suna fatali da irin wannan shaida.