Daga Gorar Eriya Zuwa Dikoda

Uwargida, kin tuna lokacin da ake tura yaro ya juya gorar eriya, ke kina daga ɗaki kina cewa, "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan"? To yau tarihin wannan eriyar za mu taɓa.

An fara talabijin a Nijeriya ne a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977. Duk a tsohon tsari ake, wanda ake kira analog: kowace tasha da zangonta ita kaɗai, kuma gwargwadon nisanki da tasha, gwargwadon dishi-dishin hotonki. Mu nan Zuru, ga nisa ga duwatsu, ba sai an ba mu labari ba.

A 2006 ƙasashen Afirka da na Turai suka zauna a Janeba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, suka amince a koma sabon tsari na dijital zuwa 17 ga Yuni, 2015. Shi dijital dunƙule hoto da murya yake yi, sai zango ɗaya ya ɗauki tashoshi da yawa, ragowar zangon a bar wa wayar salula da intanet.

Nijeriya ta sa wa kanta wa'adin 2012, ya wuce. Na 2015 ma ya wuce. Sai a 30 ga Afrilu, 2016 aka ƙaddamar a Jos, aka bi da Abuja a Disambar shekarar, Kaduna a 2017, Kano a 2021. Kin lura? Duk manyan birane ne.

Ga inda abin ya shafe ki, 'yar uwa. Maigida yana jin labari a kasuwa da majalisa. Ke da ke cikin kulle, tafsirin azumi da sanarwar rigakafin yara ta akwatin nan suke iske ki. Shi kuwa dijital ba shi da dishi-dishi: ko hoto tangaram, ko babu gaba ɗaya. Duk ranar da aka kashe analog, gidan da ba dikoda ya rasa hoto.

Don haka kada a ruɗe ki ki rabu da tsohuwar talabijin ɗinki. Lafiyarta ƙalau, dikoda kawai take buƙata, a haɗa ta da eriya. Ki tuna wa maigida tun da wuri, don da rarrafe yaro kan tashi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.