TikTok da Fargabar Gwamnatoci: Taƙaitaccen Tarihi

Sanin kowa ne a cikinmu cewa wanda yake riƙe da maɗaba'a yana da ta cewa a kan abin da jama'a za su karanta. Wannan tsohuwar magana ce ta dawo a rikicin da aka sha tsakanin gwamnatoci da manhajar TikTok, shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun lamarin tun daga tushe.

A shekarar 2012 wani matashin injiniya mai suna Zhang Yiming ya kafa kamfanin ByteDance a birnin Beijin na ƙasar Sin. A 2016 kamfanin ya fito da Douyin, manhajar gajerun bidiyo ta 'yan gida, shekara guda bayan haka kuma ya fitar da tagwayenta, TikTok, don sauran duniya. A ƙarshen 2017 ya sayi Musical.ly, wadda yaran Amurka suka riga suka rungume ta, a kan kuɗi kusan dala biliyan ɗaya, sannan ya haɗe su biyun a 2018. Kafin 2021 ta ƙare, masu amfani da TikTok a kowane wata sun kai biliyan ɗaya.

Sirrin wannan bunƙasa yana cikin yadda take zaɓo wa mutum abin kallo. A Facebook mutum yakan fara da abokansa ne. A TikTok kuwa ko bai san kowa ba, na'ura tana lura da inda ya dakata, da abin da ya maimaita, da wanda ya ture da sauri, sai ta auna masa na gaba. Ashe edita ce wadda ba ta barci, kuma ba ta da ofishin da marubuci zai je ya yi mata ƙorafi.

Indiya ce ta fara yanke hukunci mai tsanani. A Yunin 2020 sojojinta 20 suka mutu a arangama da na Sin a kwarin Galwan, bayan mako biyu kuwa ta haramta TikTok da wasu manhajojin Sin 58. Mutane wajen miliyan 200 suka wayi gari babu ita.

A Amurka tsoron kashi biyu ne. Na farko bayanan jama'a, domin wata dokar leƙen asiri da Sin ta kafa a 2017 ta wajabta wa kamfanoni su taimaka wa hukuma in an nema. Kamfanin ya yi ta musun cewa ya taɓa miƙa wani abu, amma a Disambar 2022 ya amsa da bakinsa cewa wasu ma'aikatansa sun leƙa bayanan 'yan jarida don gano mai fitar da sirrin kamfani, ya kuma kore su. Wannan ya zubar masa da mutunci ƙwarai. Na biyu shi ne ikon zaɓen abin da mutane miliyan 170 za su gani, kuma a ganinmu nan ne gizo ke saƙar. Bayanan mutane ana sayensu a kasuwa wurin dillalai ko da TikTok ko babu ita. Amma wanda zai iya ɗaga wani labari ya danne wani a lokacin zaɓe, ba tare da an gane ba, ya riƙe abin da ya fi bayanai tsada. Ita ma Sin ta nuna ta san haka, don a Agustan 2020, lokacin da Shugaba Trump ya matsa a sayar da manhajar, sai ta sanya irin wannan fasahar zaɓe cikin jerin abubuwan da ba a fitar da su waje sai da izininta.

Kotuna suka dakatar da umarnin Trump, Shugaba Biden ya soke shi a 2021, amma maganar ba ta mutu ba. A Maris 2023 majalisa ta tsare shugaban TikTok, Shou Zi Chew, da tambayoyi na kimanin awa biyar. A Afrilun 2024 Biden ya sa hannu a dokar da ta ce ko a sayar ko a rufe. TikTok ta kai ƙara tana kafa hujja da 'yancin faɗar albarkacin baki, hujjar da ya kamata kowane marubuci ya saurara da kyau, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar ranar 17 ga Janairu, 2025. Manhajar ta ɗauke na 'yan awoyi, sai ga Trump, wanda shi ya fara neman korarta, ya dawo mulki ya yi ta ɗaga wa'adin.

A Janairun 2026 aka kammala ciniki. Aka kafa sabon kamfani na Amurka wanda Oracle da Silver Lake da MGX ta Abu Dabi suke da kaso 15 cikin ɗari kowanne, ByteDance ta rage da 19.9. Ita kuwa fasahar zaɓen, aro aka ba sabon kamfanin, a sake horar da ita da bayanan Amurkawa, asalinta yana nan a hannun ByteDance.