Maɗinkiyar Mishigan da gadon da ba a rabawa

A Adar, in an ce gado, hankali kan tafi ga gona, rijiya ko garke. Amma akwai gadon da alƙali ba ya rabawa, wanda ke bin jini daga kaka zuwa jika. Tarihin gano wani irinsa daga bakin mace ya faro.

A shekarar 1895, a garin Ann Arbor na jihar Mishigan ta Amurka, likita Aldred Warthin ya lura maɗinkiyarsa tana cikin damuwa. Da ya tambaye ta, sai ta ce ta tabbata ciwon daji ne ajalinta, domin shi ya cinye danginta, wasu a tumbi ko hanji, mata kuwa a mahaifa. Likitan bai ɗauki zancen camfi ba. Ya bi salsalar zuri'ar, wadda kakanta ya yi ƙaura daga Jamus, ya wallafa bincikensa a 1913, aka san su da "Iyalin G". Ita kuwa baiwar Allah, dajin mahaifa ne ya yi ajalinta, kamar yadda ta faɗa.

Sai a 1966 Henry Lynch, wani likita na Nebraska, ya bayyana wasu iyalai biyu masu irin wannan hali. Takwarorinsa da dama sun yi shakka, har aka gano ƙwayar gado MSH2 a 1993, sannan MLH1 a 1994. Aikinsu irin na malami mai gyaran rubutu ne: duk sa'ad da tantanin jiki ya rabu biyu, yakan kwafi littafin halittarsa, su kuma su gyara kurakuran kwafin. In mai gyara ya gaza, kurakurai su taru har ƙari ya tsiro. Wannan ita ce larurar Lynch. Uba ko uwa ɗaya ya isa ya gadar da ita, kowane ɗa kuma rabi da rabi ne, ya gada ko ya kuɓuta. Ba sai an gada daga uwa da uba duka ba, saɓanin sikila. Ita ke haddasa kimanin kashi 3 cikin 100 na dajin bangon cikin mahaifa, wanda ya sha bamban da na bakin mahaifa da ƙwayar cuta ke kawowa. A 2020 Ingila ta ba da shawarar a yi wa duk mace mai wannan ciwo gwajin larurar, don a faɗakar da danginta.

A Nijar, sai 2021 aka buɗe sashen gashin ƙari na Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa. Ga macen Bambeye, gwajin ƙwayoyin gado ya fi haka nisa. Sai dai Warthin bai fara da na'ura ba, da tambaya ya fara, kuma tsofaffinmu sun haddace zuri'a har kaka ta biyar. Abin da ke rufe bakinsu kunya ce, sai a ce "ciwon mata" a yi shiru. Mu tambaye su: wa ya rasu, da wane ciwo, yana da shekara nawa? Gidan da dajin hanji ko na mahaifa ya maimaita, musamman kafin shekara 50, a sanar da likita. Jinin da ya dawo wa mace bayan ɗaukewar al'ada kuwa, ba na jira ba ne.