Tarihin Zaren Fatsa a Ƙasashen Turai da Amurka, da Matsalar Ƙulli

Tun da aka fara rubuta labarin kamun kifi da fatsa a Turai, abin da ya fi wahalad da masu yinsa shi ne zaren da ke tsakanin hannu da ƙugiya. Ana bukatarsa siriri don kada kifi ya gan shi, ana kuma bukatarsa da ƙarfi don kada ya tsinke. Waɗannan bukatu biyu kuwa ba safai su kan haɗu ba. Akwai kuma ta uku wadda a kan manta, watau zaren ya karɓi ƙulli, domin ba yadda za a ɗaura ƙugiya sai an ƙulla.

Littafin farko da aka buga da Ingilishi a kan wannan sana'a ya fito a Westminster cikin 1496. A zamanin nan da izgar doki a ke yin zaren, musamman fara. Ba a auna ƙarfinsa da laba, sai da yawan silin gashin da aka murɗa: sili ɗaya domin ƙananan kifaye, ana ƙarawa har zuwa 15 domin babban kifin nan da su ke kira salmon. To, amma izgar doki gajeruwa ce, ba ta cika wuce yadi ɗaya ba. Saboda haka dogon zare sai an yi ta haɗa guntaye, kowace mahaɗa da ƙullinta. Mai fatsa na wancan lokaci ya san sarai inda zarensa zai yanke in ya yanke.

A ƙarni na 18 aka shigo da wani abu mai kama da tsirkiya daga ƙasar Sifen, galibi daga lardin Murcia. A kan jiƙa tsutsar siliki cikin ruwan tsami, sa'an nan a zaro jakar silikin da ke cikinta, a miƙe ta ta bushe. Tana da ƙarfi, ba ta kuma bayyana cikin ruwa, sai dai ita ma gajeruwa ce, in kuwa aka ƙulla ta a bushe sai ta karye. Tilas a jiƙa ta tukuna. A ƙarni na 19, da injunan kitsa igiya suka yawaita, aka sami dogon zaren siliki kitsattse wanda a ke shafe shi da mai. Bambancin kitso da tufka ba ƙarami ba ne: abin da aka tufka ya kan warware ko ya nannaɗe in an ja shi da nauyi, wanda aka kitsa kuwa silinsa sun ratsa juna, yana zaune yadda ya ke.

Masu kamun manyan kifayen teku su lilin suka riƙe, wanda a ke tufkawa. A Amurka kamfanin Ashaway na jihar Rhode Island, wanda Kyaftin Lester Crandall ya kafa a 1824, ya yi suna wajen yinsa. Lissafinsu ma na sili ne, ana ɗaukar kowane sili zai jure wajen laba 3 in ya jiƙe, gama lilin ƙarfi ya ke ƙarawa cikin ruwa. Da irin wannan zare mai sili 39 Alfred Glassell ya kama kifin marlin mai nauyin laba 1,560 a Cabo Blanco ta ƙasar Peru, ran 4 ga Agusta 1953. Kifin ya ninka abin da zaren zai iya ɗauka fiye da sau goma. Abin da ya sa haka ta yiwu, masunci ba ɗaga kifin ya ke yi ba, saki ya ke yana ja har kifi ya gaji. Wahalar lilin ita ce ruɓewa. Sai an wanke shi an shanya bayan kowace fita.

Wallace Carothers da abokan aikinsa a kamfanin DuPont suka haɗa nailan a 1935, aka fara sayad da zaren fatsa na nailan a 1939. Na farkon ya yi tauri, mutane ba su so shi ba, aka fi karɓar kitsattsen nailan da na Dacron, har zuwa ƙarshen shekarun 1950 da aka fito da mai laushi, mai suna Stren. A 1939 ɗin nan kuma aka kafa ƙungiyar IGFA mai ajiye lissafin manyan kifayen da aka kama. Da nailan ya zo ƙidayar sili ta rasa ma'ana, sai ƙungiyar ta koma ga auna nauyin da zare ke tsinkewa a kansa. A jiƙe ta ke gwada shi, don nailan shan ruwa ya ke yi, ƙarfinsa ya ragu. In kuwa zaren ya jure fiye da ajin da aka ce nasa ne, sai a mai da kamun zuwa aji na gaba. Wannan ya zama dole saboda kamfanoni da yawa su kan rubuta adadin da bai kai ainihin ƙarfin zarensu ba.

Babban canji ya taso daga ƙasar Holan. A 1963 wani masani a kamfanin DSM, Albert Pennings, ya lura da cewa ana iya zaro sili daga narkakkiyar robar polietilin. A ƙarshen shekarun 1970 Paul Smith da Piet Lemstra suka gano hanyar miƙe silin har ƙwayoyinsa su jeru wuri guda. Aka sa masa suna Dyneema, aka fara yinsa da yawa a garin Heerlen a 1990. Irinsa na Amurka shi ne Spectra. Masu yinsa sun ce in an gwada nauyi da nauyi ya fi ƙarfe ƙarfi har sau 15. Ba ya shan ruwa, yana ma iyo a kansa. A farkon shekarun 1990 aka fara kitsa shi domin fatsa, da igiya 4 ko 8, kaurinsa bai kai rabin na nailan mai ƙarfi daidai da shi ba.

Nan fa tsohuwar matsala ta komo da ƙarfinta. Adadin da a ke rubutawa a jikin kwali na miƙaƙƙen zare ne wanda ba ƙulli a cikinsa. Inda aka ƙulla, zare ya kan yi lanƙwasa mai tsanani. Silin da ke bayan lanƙwasar su ke ɗaukar nauyi, na ciki suna sake, shi ya sa ya kan tsinke daidai bakin ƙulli. Nailan yana miƙuwa har wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, saboda haka nauyin ya kan rarrabu. Sabon zaren kuwa miƙuwarsa ba ta wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 ba, silin waje su kan yanke kafin na ciki su kawo gudunmawa, har ƙulli marar kyau ya kan cinye rabin ƙarfinsa. Ga shi da santsi ƙwarai, ga shi yana narkewa a zafin da bai kai digiri 150 ba, gogayya kaɗan ta isa ta raunana shi. Ƙullin clinch, wanda masu nailan suka saba da shi shekara da shekaru, zamewa ya ke yi a kansa ya kwance ba tare da zaren ya tsinke ba. Mutane da yawa suka zargi zaren, alhali laifin na ƙullin ne.

Maganin da aka samu iri biyu ne. Na farko a riɓa zaren kafin a ƙulla, kamar yadda a ke yi a ƙullin Palomar, don igiya biyu su raba nauyin lanƙwasa. Na biyu, wanda ya fi, a guje wa lanƙwasar ɗungum, a dogara ga naɗi mai yawa. Haka ƙullin Bimini ya ke, wanda ya ci sunan tsibiran nan na Bahamas, sai dai murɗa 20 da ta ishi nailan ba ta isar kitsattsen zare, sai an ƙara. Daga Japan kuma aka sami ƙullin FG domin haɗa shi da guntun nailan: a kan sassaƙa shi a jikin nailan ɗin sau 20 ko kusa da haka, in aka ja sai ya ƙara damƙewa, shi kuwa nailan yana miƙe bai lanƙwasa ko kaɗan ba.