Lambar Gwaji Tsakanin Python 2 da Python 3

Aikin lambar gwaji shi ne ta tabbatar manhaja tana yin abin da aka rubuta ta dominsa. Amma da yare ɗaya ake rubuta su biyun, don haka in yaren ya sauya, mudun ma ya sauya tare da hatsin da ake aunawa. Gwaji ya faɗi, ba a san ko laifin manhaja ba ne ko na gwajin kansa.

Python ya nuna wannan a fili. An fitar da Python 3.0 a Disamba 2008, ba a daina kula da 2.7 ba sai ranar 1 ga Janairu 2020. Tsawon shekara 11 masu ɗakunan karatun lamba na ɗauke da nauyin zubi biyu.

Sauyin sunaye shi ne mai sauƙi. A unittest na 2.7 akwai assertItemsEqual, a 3.2 ya koma assertCountEqual. Benjamin Peterson ya rubuta ɗakin karatun six domin irin wannan, manhajar tox kuma tana gudanar da gwaji ɗaya a kan zubi daban-daban.

Mai wuyar shi ne sauyin ma'ana, domin ba ya yin ihu. A Python 2, 5/2 na ba da 2. A Python 3, 2.5. Rubutu ya fi haka ɓoye haɗari, kuma ya shafe mu masu Hausa kai tsaye. A fayil mai UTF-8, len("ƙasa") na ba da 5 a Python 2, saboda baiti yake ƙirgawa kuma ƙ na cin biyu. A Python 3 amsar 4 ce. Gwajin da aka cika da haruffan Turanci zalla zai wuce lafiya a duka biyun alhali manhajar na karya sunayen Hausa. Haka gwajin da ya dogara da jerin abubuwan cikin dict: daga 3.3 jerin na iya bambanta a kowane gudu, sai a 3.7 yaren ya lamunce shi.

A ganina, babban kuskure shi ne warwatsa sharaɗin "in zubi kaza ne" cikin kowane gwaji. Yin haka na haifar da gwaji biyu masu suna ɗaya, kowanne na gaskata zubinsa. Gara a tara bambance-bambancen a fayil guda, gwajin ya tsaya kan halayyar da ake bukata.

Lamarin bai ƙare da Python 2 ba. Python 3.12, a Oktoba 2023, ya cire assertEquals bayan shekaru ana gargaɗi a kansa, gwaje-gwajen da suka yi kunnen uwar shegu da gargaɗin suka tsaya cik.